Da Me Ake Ciniki a Ingila Lokacin da Tsabar Kuɗi Ta Yi Ƙaranci?

Tambaya: Na ji an ce a Ingila, tsakanin 1550 da 1700, tsabar kuɗi ba ta wadata ba, kuma babu bankin da talaka zai je. To da me mutane suke ciniki? Idan kuma mutum ya ci bashi ya ƙi biya, me ake yi masa?

Amsa: Malam, abin da ka ji haka yake. Da bashi ake ciniki, tun daga burodin safe har zuwa jirgin ruwa cike da ulu. Kuɗi a wancan zamani ma'auni ne na lissafi, abin da ke yawo daga hannu zuwa hannu kuwa alkawari ne. Abu biyu ke riƙe da alkawarin: sunan mutum a gari, sannan kotu. Masu ba da labarin zamanin sukan ɗauki na farkon su manta da na biyun, sai ka zaci gari ne na salihai da kowa ya yarda da kowa. Ba haka ba ne.

Kuɗin ba baƙo ba ne a wurinmu. Fam da sule da kwabo ne, irin lissafin da dattawa suka yi amfani da shi a Najeriya har 1973 da naira ta shigo. Sule 20 ne fam ɗaya, kwabo 12 ne sule ɗaya, wato fam kwabo 240 ke nan. Wajen 1600 leburan gini a kudancin Ingila yana samun kamar kwabo 8 a wuni. Matsalar ita ce kuɗin na azurfa ne da zinariya, ba a buga shi sai da ƙarfen a hannu. Jama'a kuma sun ƙaru daga kimanin miliyan 3 a 1550 zuwa sama da miliyan 5 a 1650, farashi ya hau, ciniki ya yawaita, azurfa ba ta bi sahu ba. Wadda ake da ita ma ba lafiya gare ta ba. Sarki Henry na Takwas ya fara gauraya ta da jan ƙarfe a 1544, aka ci gaba har 1551, sai a 1560 Sarauniya Elizabeth ta sa aka tattara lalatattun aka sake bugawa. Ga masu aske gefen sule da almakashi suna tara ɓarɓashin, har ya zama kafin sabon bugun 1696 tsofaffin kuɗi da yawa sun rasa kusan rabin nauyinsu. Duk wanda ya samu mai cikakken nauyi sai ya ɓoye, ya kashe askakken. Canji kuwa ya fi komai wuya. Daga 1648 zuwa 1672 masu kanti da masu mashaya da hukumomin garuruwa su suka riƙa buga nasu ƙananan kwabbai na tagulla, da sunansu a jiki, ba sa aiki sai a unguwar da aka san mai su.

To ga yadda ake yi. A ɗauki maƙeri da manomi a ƙauye ɗaya. Cikin wata shida maƙeri ya sa wa dawakin manomi takalmi, ya gyara masa garma, aikin ya kama sule 14 da sisi. Manomi kuma ya kai masa alkama da cuku, ya yi masa jigilar gawayi da amalanke, nasa ya kama sule 12 da kwabo 10. Babu wanda ya miƙa wa wani ko anini. Ranar lissafi sai su zauna, sau da yawa a mashaya, a gaban maƙwabci ɗaya ko biyu, kowa ya kawo abin da yake bi. A soke na wannan da na wancan, ya rage manomi zai cika sule ɗaya da kwabo 8. An yi cinikin fam ɗaya da sule 7 da kwabo 4, amma tsabar da ta motsa kwabo 20 ce kacal. Sau da yawa ma ba a biyan cikon, sai a ce ya zama farkon sabon lissafi. Wani lokaci a shigo da mutum na uku: maƙeri yana da bashin mahauci a kansa, sai ya ce wa manomi ya kai cikon can.

Ranakun lissafi sanannu ne, huɗu a shekara: 25 ga Maris, 24 ga Yuni, 29 ga Satumba da 25 ga Disamba. A ranakun ake biyan hayar gona da ta gida, don haka kowa ke matsa wa wanda yake bi kafin su zo. Ta Satumba ta fi nauyi domin bayan girbi take, lokacin da manomi ke da abin sayarwa.

Shaidar ƙaramin bashi ba ta da yawa. A tafa hannu a gaban shaidu, a ba da kwabo ɗaya kafin alƙalami, wanda suke kira kwabon Allah, a sha wani abu tare, ciniki ya faɗa. Mai mashaya yana zana bashin mutum da alli a bayan ƙofa. Mai kanti yana da littafi. Wanda bai iya rubutu ba yana da sanda: a samu ɗan itace, a yi masa tsaga-tsaga daidai da adadin, a raba shi biyu a tsaye yadda kowace tsaga za ta fito a ɓangarorin biyu. Mai bin bashi ya riƙe dogon, wanda ake bi ya riƙe gajeren. Ranar biya a haɗa su. Wanda ya ƙara tsaga a nasa, ɗayan zai tona shi. Baitulmalin Ingila bai daina aiki da irin wannan sanda ba sai 1826, kuma ƙona tarin tsofaffinsu ne ya haddasa gobarar da ta cinye majalisar dokoki a 1834.

Kalmar nan kiredit da muke ji yau a bakin masu sayar da katin waya, asalinta daga Latin ne, ma'anarta yarda. A Ingilar wancan lokaci kalma ɗaya ce ga bashin da za a iya ba ka da kuma mutuncinka. Kafin mai kanti ya rubuta sunanka a littafi, abin da yake dubawa ba dukiyarka kaɗai ba ce, don ba ya ganin cikin akwatinka. Yana duba ko kana wuni a mashaya, ko kana caca, ko ana jin faɗa a gidanka, ko matarka mai tattali ce, ko ka biya wane a kan lokaci bara. Gida ake ba bashi, ba mutum ɗaya ba. A doka matar aure ba ta da ikon ƙulla ciniki da sunanta, bashin cefanen da ta ɗauko a wuyan mijin yake, amma ita ce ke zuwa kasuwa kullum, ita masu kaya suka sani. Birnin Landan yana da al'adarsa da ta yarda matar aure ta yi sana'a da sunan kanta, a bi ta bashinta ita kaɗai. Zawarawa da 'yan matan da suka gaji kuɗi kuwa suna cikin manyan masu ba da rance a garuruwa.

Saboda haka baki yana iya karya mutum. Wanda ya ce wa ɗan kasuwa ya karye a bainar jama'a, ana iya maka shi kotu a nemi diyya, domin maganar kaɗai ta isa ta sa duk masu binsa su taso masa rana ɗaya. Kuma babu ɗan kasuwar da zai iya biyan kowa rana ɗaya, ko da lafiyarsa lau, don dukiyarsa tana hannun mutane. A kotunan coci ma akan tambayi mai ba da shaida nawa ya mallaka idan an cire bashin da ke kansa, a auna nauyin maganarsa da amsar.

Kada a ɗauka masu kuɗi ne kullum ke bin talakawa. Bara, wato ɗan aiki, ana ɗaukarsa aikin shekara, sai ƙarshenta a biya shi, wato shekara guda yana bin ubangidansa. Masu kaɗin ulu da masaƙa suna bin attajirin da ya ba su aiki. Manyan masu ƙasa su suka fi kowa jan ƙafa wajen biyan tela da mahauci, kuma tela ba ya son ya matsa don kada ya rasa babban mai ciniki. Masu sarautar gado ma doka ta hana a kama su saboda bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai ba kowa ake iya kamawa a kansa ba.

Idan kuɗin ya yi yawa, ko mutanen ba su san juna ba, sai a koma takarda mai hatimi. Yadda ake tsara ta yana da ban mamaki. A ce mutum ya ranci fam 50 na wata shida, ruwa kashi 10 cikin 100 a shekara, zai mayar da fam 52 da sule 10. Marubucin takardu ba zai rubuta haka a sama ba. Zai rubuta cewa wane ya amsa ana binsa fam 100, wato ninki biyu. A ƙasa ko a bayan takardar sai a sa sharaɗi: idan ya biya fam 52 da sule 10 rana kaza a wuri kaza, sau da yawa a ƙofar coci, wannan takarda ta mutu. Ya sa hannu ko alama, ya manna hatiminsa a kakin zuma, shaidu su sa hannu, galibi da mutum ɗaya ko biyu da suka tsaya masa. Hikimar ita ce mai bin bashi ba ya bukatar ya tabbatar da komai a kotu, takardar kawai zai ajiye.

Nan mutane suka fi faɗawa rami. Wanda ya makara da kwana ɗaya, a tsantsar doka fam 100 ta hau kansa. Wanda ya biya amma bai karɓo takardarsa ba, bai kuma karɓi shaidar biya mai hatimi ba, ana iya sake binsa, kuma kotun ba za ta saurari shaidun baki a kan takarda mai hatimi ba. Don haka mai hankali yana biya yana karɓar takardar, ya yage hatimin nan take. Kotun Chancery, wadda ke duba adalci fiye da harafin doka, ita ta riƙa ceton irin waɗannan, har dokokin 1697 da 1705 suka rage wa tarar ninki ƙarfi. Wanda ya tsaya wa wani kuwa, ya sani in wancan ya gudu shi za a kama. Mutane da yawa sun talauce ba don sun ci bashi ba, sai don sun kasa ce wa suruki ko ɗan'uwa a'a.

Batun kuɗin ruwa ya daɗe ana ja-in-ja a kansa, don coci ma ta haramta karɓar ruwa a kan rance ɗaruruwan shekaru. Dokar 1545 ta yarda da kashi 10 cikin 100. A 1552 aka soke ta, aka haramta ruwa gaba ɗaya, mutane suka ci gaba da karɓa a ɓoye. A 1571 aka dawo da iyakar kashi 10, da hukunci mai tsanani ga wanda ya haura. Daga nan iyakar ta riƙa sauka: kashi 8 a 1624, kashi 6 a 1651, kashi 5 a 1714. Bashin kanti da na maƙwabta ba a rubuta masa ruwa. Yana cikin farashi: mai biya hannu da hannu a rage masa, mai ɗauka bashi a sayar masa da tsada kaɗan. Talakan da babu mai yarda da shi sai jingina, ya kai tukunya ko rigar coci, kuma shi ya fi kowa biyan ruwa mai yawa.

Yanzu ga wanda ya ƙi biya. Ba a fara da kotu. A tuna masa, a aika yaro, a sa maƙwabci ko limamin coci ya yi magana, a ba shi zuwa ranar lissafi ta gaba. In abin ya ƙi, sai ƙara. Kotuna kuwa kamar jamfa a Jos: ta mai gari a ƙauye tana jin bashin da bai kai sule 40 ba, garuruwa suna da nasu da ke zama kowane mako ko mako biyu, manyan kasuwannin shekara suna da kotun da ke yanke hukunci kafin baƙi su watse, Landan ta kafa ta ƙananan basussuka tun 1518, sannan ga manyan kotunan sarki a Westminster, mazaunin gwamnati a Landan. Shigar da ƙara a kotun gari 'yan kwabbai ne. Masanin tarihi Craig Muldrew, wanda ya bi takardun kotun garin King's Lynn, ya ƙiyasta cewa wajen 1580 ƙararrakin da ake shigarwa a faɗin ƙasar sun haura miliyan ɗaya a shekara, mafi yawansu na bashi, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 4 ba. Mafi yawa ba sa kaiwa ga hukunci. Sammacin shi ne saƙon. Da ɗan sandan kotu ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko ya ɗauke kwanon tagulla a matsayin jingina, sai a nemi sulhu, kuma sau da yawa mutanen biyu su ci gaba da ciniki.

Garin Stratford ya bar mana misali a gida ɗaya. A 1604 William Shakespeare, marubucin wasan kwaikwayo, ya kai wani mai sayar da magani, Philip Rogers, kotun garin a kan sule 35 da kwabo 10, ragowar kuɗin tsiron sha'ir da ya sayar masa da ɗan rance. A 1608 kuma ya kai wani John Addenbrooke a kan fam 6, ya yi nasara, aka nemi mutumin aka rasa, sai ya koma kan Thomas Horneby da ya tsaya masa. Mahaifinsa John kuwa ya ga ɗaya gefen. An tuhume shi da karɓar ruwa fiye da kima a 1570, kuma a 1592 sunansa ya fito cikin waɗanda ba sa zuwa coci, aka rubuta cewa tsoron sammacin bashi ne ya hana su. Sai a 1677 doka ta hana kai sammaci ranar Lahadi.

Dokar kanta ta canja don ta bi kasuwa. A tsohon tsari, wanda ake bi bashin baki yana iya kuɓuta da rantsuwa: ya rantse ba a binsa, ya kawo mutum 11 su rantse sun gaskata shi. A ƙauye wannan yana da ma'ana, don maƙaryaci ba zai samu maƙwabta 11 ba. A Westminster kuwa akwai masu zaman jiran a ɗauke su hayar rantsuwa. Shari'ar Slade da Morley ta toshe wannan ƙofa a 1602. John Slade ya sayar wa Humphrey Morley alkama da wani hatsi mai suna rye da ke tsaye a gona a yankin Devon kan fam 16, Morley bai biya ba. Alƙalai suka yanke cewa duk cinikin da aka ƙulla yana ɗauke da alkawarin biya, don haka ana iya kai maganar gaban masu taya alƙali hukunci su 12, su saurari shaidu. Sai wata matsalar ta ɓullo, ta shaidun zur masu ƙirƙiro cinikin da ba a yi ba. Dokar 1677 ta ce cinikin kaya na fam 10 zuwa sama ba ya tsayawa a kotu sai da rubutu, ko kafin alƙalami, ko an karɓi wani abu daga kayan, kuma tsaya wa wani dole a rubuce. Tun 1623 kuma an sa wa bashin baki da na littafi wa'adin shekara 6, wanda ya yi sakaci ya wuce haka ya rasa damar ƙara.

Ƙarshen hanya kurkuku ne. Ana iya kama mutum tun kafin a yi shari'a, ya zauna sai ya samu beli. A Landan akwai Fleet da Marshalsea da Ludgate da wasunsu, kuma fursuna shi ke biyan kuɗin ɗaki da abinci, har da kuɗin sallama. A ganina wannan ne wurin da tsarin ya fi rashin hankali: an kulle mutum inda ba zai iya sana'a ba, bashi na ƙaruwa. Amfaninsa ɗaya, ya tilasta wa dangi su yi karo-karo. Dokar karayar arziki ta farko ta zo a 1542, ta 1571 ta taƙaita ta ga 'yan kasuwa: a kama dukiyar, a raba wa masu bi gwargwadon abin da kowa ke bi, ragowar bashin kuma yana nan a wuyansa. Marubuci Daniel Defoe, wanda ɗan kasuwa ne a lokacin, ya karye a 1692 da bashin fam 17,000, ya yi shekaru yana fama. Sai zamanin Sarauniya Anne, a dokar 1705, aka yarda a yafe wa ɗan kasuwar da ya bayyana dukiyarsa duka, wanda ya ɓoye kuma hukuncinsa rataya.

Babban haɗarin tsarin shi ne sarƙa ce. Attajirin tufafi yana jiran dillalinsa na Landan, masaƙi yana jiran attajiri, mai burodi yana jiran masaƙi, mai niƙa yana jiran mai burodi. Damina ta lalace shekara huɗu a jere daga 1594 zuwa 1597, kasuwar tufafi ta faɗi a farkon shekarun 1620, kowane karo sai kowa ya nemi tsaba lokaci ɗaya, alhali tsabar ba ta taɓa isa ba. Sarki ma yana cikin sarƙar. A 1672 Charles na Biyu ya dakatar da biyan bashin sama da fam miliyan ɗaya, mafi yawansa na maƙeran zinariya da ke ajiye wa mutane kuɗi, irin su Edward Backwell, suka durƙushe tare da masu ajiya a wurinsu. Bankin Ingila da aka kafa a 1694 ya ranta wa gwamnati fam miliyan 1.2 da ruwa kashi 8, bisa lamunin harajin da majalisa ta amince da shi, ba bisa kalmar sarki ba. Amma wannan bankin gwamnati ne da manyan attajirai, maƙerin ƙauye ya ci gaba da lissafinsa na alli da sanda.

Mutuwa ba ta rufe littafi. Idan mutum ya rasu, maƙwabta biyu ko fiye sukan zaga gidan ɗaki-ɗaki su yi wa komai kuɗi, har cokali. A ƙarshen takardar sai a jera basussukan da yake bi kashi biyu: waɗanda ake sa ran samu, da waɗanda aka fid da rai. A wurin masu kanti da yawa, abin da ke hannun mutane ya fi kayan da ke cikin kantin. Wasu sukan yafe wa matalautan da suke bi a cikin wasiyya. Wanda aka ɗora wa rabon gado, sau da yawa matar mamacin, dole ta bi tsari wajen biyan masu binsa: bashin sarki da farko, sai wanda kotu ta riga ta yanke, sai na takarda mai hatimi, sannan na littafi da na baki. Idan ta ji tausayin mai burodi ta biya shi kafin mai takarda, dukiyar kuma ta ƙare, daga aljihunta za ta cika.